Ba Allon Inji Ake Karantawa Ba, Ƙwan Ake Karantawa

Yaro, ka ce injinka na ƙyanƙyasa ya tsaya a digiri 37.5, danshi yana kashi 65 cikin ɗari tun ranar da ka zuba ƙwan kaji, amma kwana 21 ta cika rabin tiren bai fashe ba, da ka fasa sai ka tarar da tsaki ya cika ya yi gashi, a mace, jiƙe sharkaf. Kana tambaya ko zafi ne ya yi kaɗan. Zafinka lafiya lau. Ruwa ne ya kashe su, kuma tun makon farko aka fara kashe su.

Ƙwai yana numfashi ta ƙananan ƙofofin ɓawonsa, ruwan cikinsa yana fita a hankali. Daga ranar zubawa zuwa kwana 18 dole ya rage kashi 11 zuwa 13 cikin ɗari na nauyinsa. Wannan ragin ne yake buɗe ɗakin iskar da ke gefen ƙwai mai faɗi. Wajen kwana 19 zuwa 20 tsakin zai huda tantani ya sa baki cikin ɗakin nan, a nan zai fara shaƙar iska kafin ya tsaga ɓawo. Idan danshi ya yi yawa ruwan bai fita ba, ɗakin ya tsaya ƙarami, tsakin ya huda ya ci karo da ruwa. Shi ke nan. Saboda haka kwana 18 na farko ka riƙe danshi tsakanin 45 da 55. Wancan 65 zuwa 70 na kwana uku na ƙarshe ne kawai, bayan ka daina juya ƙwai.

Ku yaran yanzu kun ɗauka lambar da ke kan allo wahayi ce. Ma'aunin danshin da ke zuwa da ƙananan injinan nan yakan yi kuskure mai yawa. Gwada shi: zuba gishiri a murfin kwalba, ɗiga ruwa ya jiƙa ba tare da ya narke ba, sa shi da ma'aunin cikin leda ka ɗaure, ka bar su kwana guda. Ya kamata ya nuna 75. Abin da ya ƙaru ko ya ragu, ka riƙa lissafawa da shi. Zafi kuma, ajiye ma'aunin zafin jiki na asibiti daidai tsayin ƙwai, a tsakiya da kusurwoyi. Inji mai fanka 37.5 ne. Marar fanka wajen 38.5 ake so, a auna a saman ƙwai, don zafi sama yake taruwa.

Wanda bai taɓa yi mini ƙarya ba shi ne sikeli. Ƙwai 30 masu giram 60 nauyinsu 1,800 ne ban da tire. A kwana 9 ka same su wajen 1,690, a kwana 18 wajen 1,580. Sun fi haka nauyi, rage ruwa. Sun fi haka sauƙi, ƙara. In ba ka da sikeli, haska su da tocila cikin duhu a kwana 7, 14 da 18, ka zagaye iyakar ɗakin iskar da fensir, ka ga yana girma ko ya tsaya. A nan ne kuma za ka fitar da bara-gurbi kafin ya fashe ya ɓata sauran.

Danshi faɗin ruwa yake bi, zurfinsa bai dame shi ba. Faranti mai faɗi da ruwa kaɗan ya fi kofi cike. A hunturu iskar Kano ko Damagaram tana bushe komai, za ka cika dukkan mazuban ruwa har ka ƙara soso, da ruwa mai ɗumi. A marka kuwa, watan Agusta, iskar ɗaki kaɗai tana iya isa, sau da yawa ba a zuba ko ɗigo sai kwana 18. Bazara ta fi duka haɗari: inji ɗumamawa ya iya, bai iya sanyayawa ba. Ɗakin kwano a watan Afrilu ya haura digiri 40, kuma 'yan sa'o'i a wannan zafin sun isa su hallaka tire. Nemi ɗakin ƙasa ko mai silin, nesa da taga. Ɗaukewar wuta ta 'yan sa'o'i ba ta kai wannan illa ba. In ta ɗauke, rufa wa injin bargo, bar kafar iska, kada ka buɗe ƙofa.

Kuma kada ka kuskura ka toshe ramukan iska wai don danshi ya hau. A kwanakin ƙarshe ne suka fi buƙatar iska. Daga kwana 18 hannunka ya bar ƙofa. Duk buɗewa danshi yana zubewa, tantanin wanda ya fara tsaga ya bushe ya manne masa. Waɗanda suka fito za su iya kwana a ciki, gwaiduwar da suka shanye tana riƙe su.

Abin da ya fi ci mini rai, wanda tambayarka ta tayar, masu kawo ƙwan ƙyanƙyasa ne. Mutum zai zo da kiret biyar ya rantse na makon nan ne, alhali ya tara su sati uku a shago mai zafi, wasu ma ya wanke musu kashi da ruwa, ya cire musu kariyar ɓawo. Ka ƙona mai a janareta sati uku, ka hana idonka barci, su fito kaɗan a warwatse, shi kuma ya zagaye kasuwa yana cewa injinka ne ba shi da kyau, ya hana ka kuɗin aiki. Ƙwan da ya wuce kwana 7 ƙyanƙyasarsa ta fara raguwa. Haska su a gabansa kafin ka karɓa: sabon ƙwai ɗakin iskarsa ɗan ƙarami ne, tsoho ya riga ya buɗe. Wanda ka ga ya buɗe, ko mai tsaga, ko wankakke, mayar masa a take, sauran ka rubuta sunansa da kwanan wata a jikinsu da fensir, yana tsaye yana gani.