Tambaya da Amsa: Sabar Lasisi Tana Yin Shiru Idan Na Kunna Katangar Tsaro

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ne mai kula da kwamfutoci a wani ofishin injiniyoyi masu zanen gine-gine. Mun sayi lasisin manhajar zane na haɗaka, irin wanda ake ajiyewa a kan kwamfuta ɗaya da ake kira saba, sauran kwamfutocin ofis su riƙa aro daga wurinta, kuma tsarin da ke rabon lasisin shi ne FlexNet. Muddin katangar tsaron Windows tana kashe a kan sabar, kowa yana aikinsa lafiya, amma da zarar na kunna ta sai manhajar ta ƙi buɗewa, ta nuna kuskure mai lamba -15, wani lokaci kuma -96. Na buɗe ƙofa ta 27000 kamar yadda aka shawarce ni, abin bai sauya ba. Yanzu shugaban ofis ya ce in bar katangar a kashe kawai. Shin hakan ya dace?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bai dace ba, kuma ba ka bukatar yin hakan. Wanda ya ce ka buɗe 27000 bai yi kuskure ba, sai dai rabin magana ya faɗa maka, domin sabar FlexNet ƙofa biyu take amfani da su, kai kuwa ɗaya ka buɗe.

Abin da ake kira ƙofa a nan, wadda masu sana'ar ke ce wa fot, lamba ce tsakanin 0 da 65535 da ke bambanta wata hidima daga wata a kan kwamfuta guda. Adireshin IP yana kai saƙo ga kwamfutar, lambar ƙofa kuma tana kai shi ga manhajar da ke jiransa a ciki. Katangar tsaro, wato fayawol, ita ke tsaye tana duba kowace haɗuwa mai shigowa, ta bar wadda aka ba izini, ta toshe saura.

A kan sabarku shirye-shirye biyu ne ke gudana. Na farko shi ne lmgrd, wanda ke sauraro a ƙofar TCP (TCP da UDP su ne nau'o'i biyu na aika saƙo ta ƙofa) ta farko da ya samu babu kowa tsakanin 27000 da 27009, in ba a ƙayyade masa wata ba. Shi wannan ba ya ba da lasisi ko ɗaya. Aikinsa ya karɓi mai nema, ya gaya masa inda zai sami shiri na biyu. Na biyun na kamfanin da ya yi manhajar ne, kamar adskflex na Autodesk ko MLM na MATLAB, kuma shi ne ke ƙirga lasisin, ya bayar, ya karɓa idan an gama. Matsalar ita ce, a mafi yawan manhajoji, idan ba a ɗaure wannan shiri na biyu a kan wata lamba ba, yakan ɗauki duk ƙofar da ya tarar a sake a duk lokacin da aka tayar da sabar, galibi daga cikin jerin 49152 zuwa 65535 a kan Windows na zamani. Saboda haka kwamfutar injiniyanku tana isa ga lmgrd ta 27000 ɗin da ka buɗe, a tura ta wata ƙofa dabam, ta je ta tarar da katanga. Ko da ka gano lambar yau ka buɗe ta, gobe idan wuta ta ɗauke aka sake kunna sabar, lambar ta sauya.

Gyaran yana cikin fayil ɗin lasisi. Ka fara adana kwafinsa a wani wuri, sannan ka buɗe shi da Notepad. A samansa za ka ga layin da ya fara da kalmar SERVER, sai sunan kwamfutar, sai wata doguwar shaida wadda yawanci adireshin MAC ne na katin sadarwarta. A ƙarshen wannan layi ka rubuta 27000. Ƙarƙashinsa akwai layin da ya fara da VENDOR, ko DAEMON a tsofaffin fayiloli; a ƙarshensa ka ƙara PORT=27010, ko wata lambar da ka tabbatar babu mai amfani da ita. Waɗannan wurare an yarda mai lasisi ya gyara su. Amma kada ka taɓa shaidar kwamfutar, kada kuma ka taɓa layukan FEATURE da INCREMENT, domin suna ɗauke da sa hannun kamfanin, harafi ɗaya ya sauya lasisin ya daina aiki. Bayan ka adana, sai ka tsayar da hidimar lasisin gaba ɗaya a LMTOOLS, wato manhajar kula da sabar FlexNet, ka sake tayar da ita, saboda umarnin sake karanta fayil kaɗai ba ya sauya ƙofa. Ka zaɓi lokacin da mutane ba su cikin tsakiyar aiki.

Kafin ka zaɓi lamba da kanka, ka duba takardun kamfanin manhajar, domin wasu sun riga sun tsayar da tasu. Shirin adskflex yana amfani da 2080, sabar SolidWorks kuma 25734 da 25735. Idan kuma kuna da sabar lasisi fiye da ɗaya a kan kwamfuta guda, to kowace ka ba ta lambobinta a rubuce, in ba haka ba wadda ta riga tashi ita za ta kama 27000, kuma ba lallai ne kullum ta zama guda ɗaya ba.

Daga nan sai katanga. Ka ƙirƙiri dokar shigowa ta TCP mai ɗauke da lambobin nan biyu kaɗai, ka sa mata suna da wanda zai gaje ka zai gane ba tare da ya nemi bayani ba. A shafin iyakance masu shiga, ka rubuta jerin adireshin cikin ofis, kada ka bar shi a buɗe ga kowa. Ka kuma lura da rukunin da Windows ta sanya hanyar sadarwar a ciki, domin tana da rukuni uku, na Domain da Private da Public, kuma dokar da aka kafa wa ɗaya ba ta aiki a ɗayan. Na sha ganin doka an rubuta ta daidai, amma sabar tana ɗaukar kanta tana kan hanyar jama'a, dokar tana nan kamar babu ita. Akwai masu son ba da izini ga shirye-shiryen biyu da sunansu maimakon lambar ƙofa. Hakan yana aiki a kan sabar kanta, amma ni ban fi son sa ba, saboda katangar da ke tsakanin sassan ofis ba ta san sunan shiri ba, lamba take gani, sannan sabuntawa na iya sauya mazaunin shirin dokar ta mutu ba wanda ya sani.

Wajen gwaji, kada ping, wato umarnin da ke gwada ko wata kwamfuta za ta amsa, ya ruɗe ka, domin amsarsa tana nuna kwamfutar tana raye ne kawai, ba ta ce komai a kan ƙofa ba. A kan sabar ka rubuta netstat -ano ka ga ko lambobin biyu suna sauraro. Sai ka koma kwamfutar wani ma'aikaci, ka buɗe PowerShell, ka rubuta Test-NetConnection da sunan sabar, sai -Port 27000, ka maimaita da lamba ta biyu. Layin ƙarshe na amsar shi ne abin dubawa: True yana nufin hanya a buɗe take, False kuma a toshe.

Idan duka biyun sun wuce amma manhajar ta ci gaba da ƙi, to ka duba suna. Na taɓa yini guda a wani ofishi a kan irin wannan, kowane gwaji da adireshin IP yana wucewa, manhaja kuwa ta kafe. Ashe lmgrd, lokacin da yake tura mai nema zuwa shiri na biyu, sunan da ke rubuce a layin SERVER yake miƙa masa, kwamfutocin wani sashe kuma ba su san wannan suna ba. Da aka shigar da sunan a DNS, wato tsarin da ke mayar da suna zuwa adireshin IP, cikin minti ɗaya zane ya buɗe. Saboda haka ka ba sabar adireshin da ba ya sauyawa, ka tabbatar kowace kwamfuta tana gane sunanta, sannan a saitin manhajar ka rubuta 27000@ haɗe da sunan sabar, domin ta tafi kai tsaye ba tare da lalube ba.

Game da maganar shugabanku, ka bayyana masa cikin ladabi cewa sabar da aka kashe wa katanga duk ƙofofinta ne a buɗe, har da na raba fayiloli da na sarrafawa daga nesa, waɗanda su ne mugayen manhajoji masu kulle bayanai suka fi bi idan sun shiga kwamfuta ɗaya a ofis. Ranar da wannan saba ta faɗi, babu injiniyan da zai iya buɗe zane ko ɗaya. Aikin da na bayyana maka kuwa bai kai awa guda ba.

TAMBAYA: Malam, lasisinmu yana kan ɗan makullin USB na Sentinel da ke maƙale a saba. Ma'aikatan bene na ƙasa suna samunsa, na sama ba sa samu, alhali intanet ɗinsu lafiya lau.

AMSA: Alama ta nuna benayen biyu ba a kan sashen sadarwa ɗaya suke ba. Irin makullin da ake kira HASP ko LDK yana amfani da ƙofa ta 1947, ta TCP da ta UDP duka, kuma kwamfuta tana neman sabar ne ta hanyar yin shela ga duk na kusa da ita. Wannan shela ba ta tsallake na'urar da ke raba sassan ofis. Ka buɗe 1947 a tsakanin sassan, sannan a kowace kwamfutar bene na sama ka shiga localhost:1947 ta burauza, ka je saitin neman lasisi daga nesa, ka rubuta adireshin sabar da hannu. Idan kuwa Sentinel RMS kuke da shi, ƙofarsa 5093 ce ta UDP, kuma gwajin PowerShell da na ambata a sama ba zai amfane ka ba, domin TCP kaɗai yake gwadawa.

TAMBAYA: Wasu ma'aikatanmu suna aiki daga gida. Zan iya buɗe ƙofofin lasisi a kan na'urar intanet ta ofis domin su riƙa samu?

AMSA: Ina roƙonki, 'yar'uwa, kada ki yi haka. Yawancin sabobin lasisi ba sa tambayar kalmar sirri. Wanda duk ya iso ƙofar ya nemi lasisi ana ba shi, don haka baƙo zai iya riƙe lasisin da kuka biya, ma'aikatanku su rasa, kuma hakan na iya saɓa wa yarjejeniyarku da kamfanin. An kuma sha gano raunin tsaro a irin waɗannan shirye-shirye, wanda ya sa barin su a fili ga duniya haɗari ne babba. Hanyar da ta dace ita ce VPN: ma'aikaci ya fara shiga hanyar sadarwar ofis, ke kuma ki ƙara jerin adireshin masu VPN a cikin dokar katangar. Idan layinsu yana da jinkiri har manhajar tana yanke ƙauna kafin amsa ta iso, ana iya tsawaita jiranta da saitin FLEXLM_TIMEOUT. Ga wanda zai yi tafiya inda babu sadarwa kuwa, ki duba ko lasisinku ya yarda da aro na wasu kwanaki, ya karɓa tun yana ofis, ki kuma tuna cewa lasisin da aka ara yana fita daga lissafin sauran ma'aikata har sai an dawo da shi ko wa'adinsa ya cika.