Shagon ƙanƙara: layin Band A mai tsada ko na Band C mai sauƙi?

Wata Hajiya daga Kano ta turo min tambaya, ta ce tana zoɓo da kunun aya a gida, yanzu tana so ta kama shago ta haɗa da ƙanƙara. Ta samu shaguna biyu, ɗaya an ce mata layin wutarsa Band A ne, wato rukunin da ya fi samun wuta, haya tsada yunit ma tsada, ɗayan Band C ne komai da sauƙi. Wanne za ta ɗauka?

To Hajiya Allah ya sa albarka. Ni dai a naki kasuwancin Band A zan ce, amma ki tsaya ki ji dalili, don akwai sharaɗi.

Wutar nan kafin ta iso firizarki hannu uku take bi. Akwai masu samar da ita, yawanci da iskar gas, sai madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro. Sai TCN na gwamnati mai manyan turakun nan ya ɗauko ta, sannan kamfanonin rabawa guda 11 da aka miƙa wa 'yan kasuwa a 2013 su sayar mana. Mu a Kano da Katsina da Jigawa KEDCO ne, har gobe dai NEPA muke cewa. Farashi kuma hukumar kula da harkar lantarki, NERC, ce ke yankewa, ita ta kasa mu biyar: Band A aƙalla awa 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E 4. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga yunit na Band A daga wajen naira 68 zuwa 225, daga baya ya dawo 209 da ɗoriya, sauran kuwa aka bar su da tallafi, shi yasa kika ga na Band C ko rabin wancan bai kai ba.

Yanzu ɗauko biro. Ki leƙa bayan firizar akwai ɗan lambar da aka liƙa, a nan aka rubuta wat nawa take ci. A ce duka kayanki sun haɗu wat 1000, yunit ɗaya kenan duk awa, awa 20 yunit 20, kuɗinsa a farashin 209 ɗin nan wajen 4,200, da harajin VAT ki ce 4,500 a rana. Yana da zafi, na sani. Amma a ɗaya shagon awa 12 aka yi miki alkawari, kuma ba lallai su zo a jere ba, za a iya kawowa awa uku a ɗauke, kuma kin fi ni sani ƙanƙara ba ta son haka, ta fara kamawa sai ta saki, ki buɗe da safe ki tarar da ledoji sun yi laushi rabi ruwa, masu kura sun zo sari ki ce su dawo gobe, su kuma ba za su dawo ba wallahi, gaba za su yi. Dole ki tada janareta ki cike awa 8 ɗin nan, to ki lissafa lita nawa zai sha ki ninka da kuɗin fetur na yau, ki ƙara da baƙin mai da mai gyara. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ban ga inda wutar janareta ta fi ta Band A arha ba. Da tela ce ke ko mai kayan masarufi da fanka da ƙwan lantarki biyu suka ishe ta, da na ce ki tafi mai sauƙin.

Sharaɗin kuwa, kada ki yarda da bakin dillali. Band ɗin nan ba da sunan unguwa ake ba da shi ba, da layin da ya kawo wuta transfomarku ne, wanda ma'aikata ke kira fida, sai ki ga titi ɗaya gefen nan A, tsallake C. Ki je da kanki da rana tsaka da kuma bayan isha, kwana uku ko huɗu, ki tambayi mai walda ko mai cajin waya na kusa, su ne ke riƙe da lissafin wuta a kansu. A ƙa'idar NERC ma idan layin Band A ya yi kwana 7 a jere bai cika awanninsa ba sauke shi ake yi, don haka ki riƙa rubuta lokacin kawowa da ɗaukewa a littafi, da shi za ki kai ƙorafi ofishin kamfanin, in ba su yi komai ba ki wuce ofishin sauraron koke na NERC.

Abu na biyu da ya fi damuna shi ne mita. Lallai ta zama ta kati kuma taki ke kaɗai, ban da haɗaka da maƙwabta, don mai firiza kullum shi ake ɗora wa laifi. Kafin ki ba da kuɗin haya ki karɓi lambar mitar ki sayi wutar dubu biyu ki duba rasit, zai nuna miki farashin yunit, in kuma akwai tsohon bashi za ki ga an zaftare wani abu. In akwai, mai shago ya biya ko a cire a haya, a rubuce.

Kuma ko a Band A ɗin ki ajiye ƙaramin janareta da kuɗin man kwana uku. A Oktoban 2024 da manyan layuka suka samu matsala Arewa ta yi kwanaki cikin duhu, babu A babu E. In kin samu dama ki buɗe kafin watan Maris, zafi zai taimaka miki wajen mayar da kuɗin hayar.