Tambaya da amsa: Da gaske sauyin yanayi ne ke jawo mana rikici?

Tambaya: Salam Malam. Ni ɗalibi ne daga Gusau, zan rubuta furojet ɗina a kan rikicin manoma da makiyaya. Kowa na cewa sauyin yanayi ne silar abin, har malamanmu. Shin bincike ya tabbatar da haka ko dai faɗa kawai ake?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Gaskiya tambayar nan ta daɗe tana raba kan masana, kuma ni kaina na fi karkata ga cewa yanayi na ƙara wa mutane matsi amma ba shi ke yanke cewa za a zubar da jini ba.

Maganar ta yi ƙarfi ne a 2007, lokacin da Ban Ki-moon, sakatare janar na Majalisar Ɗinkin Duniya a wancan lokacin, ya rubuta cewa yaƙin Darfur ya samo asali daga matsalar muhalli da ke da nasaba da sauyin yanayi. A 2009 Marshall Burke da abokan aikinsa a Amurka suka fitar da bincike suna cewa shekarun da zafi ya yi yawa sun fi haɗuwa da yaƙin basasa a Afirka. Shekara ɗaya bayan nan Halvard Buhaug na cibiyar PRIO da ke Oslo ya sake duba alƙaluman, ya ce da zarar ka sauya shekarun da aka ɗauka ko yadda ake ƙirga yaƙi, sai alaƙar ta ɓace. Kaga kenan ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, yadda aka auna abin ne ya bambanta.

Ga yadda ake yin aikin. Ana ɗaukar bayanan ruwan sama da zafi daga tauraron ɗan adam, a ɗauko jerin hare-hare daga wurare irin su ACLED (cibiya mai tattara bayanan rikice-rikice) ko jami'ar Uppsala da ke Sweden, a raba taswira gida-gida, wato ƙananan yankuna masu girma ɗaya, a duba ko inda fari ya faɗa nan ne rikici ya biyo baya. To matsalar ita ce yawancin jerin nan daga jaridu da rahotanni ake tattaro shi, kuma kai da kake Zamfara ka fi ni sanin ƙauyuka nawa ne ake kai wa hari labarin bai ko fita ƙaramar hukuma ba. Sannan makiyayi ba ya zama wuri ɗaya, fari zai iya samunsa a arewacin Nijar amma faɗan ya auku a Binuwai bayan wata huɗu, lissafin gida-gida ba zai kama wannan ba. Akwai kuma son zuwa inda wuta ke ci: masu bincike sun fi zuwa inda ake faɗa, ba sa zuwa garin da fari ya ci amma aka zauna lafiya, alhali darasin yana can.

Ka tambayi dattawanku labarin farin 1973 da na 1984. Dabbobi sun mutu ba adadi, mutane sun yi ƙaura, an sha wuya sosai, amma ba a ga irin kashe-kashen da muke gani yau ba. Tun daga shekarun 1990 damina ta ɗan farfaɗo a yankin Sahel, sai dai ta zama ba tabbas, ta makara ko ta ɗauke a tsakiya ko ta zo da ambaliya. Tafkin Chadi ma haka, daga kusan murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 a lokacin waɗancan fare-faren, amma Boko Haram ta ɗauki makami ne a 2009, lokacin tafkin ba ya cikin raguwar nan ta da. Me ya canza a tsakani? Jama'a sun ƙaru, an nome burtali da makiyayar da dokar Arewa ta 1965 ta keɓe, fadamar da shanu ke sauka da rani ta koma noman rani, bindiga ta yi araha, kuma abin da ya fi ci min rai shi ne wanda aka yi wa ɓarna ko aka kora wa shanu ya daina yarda zai samu adalci a wurin hukuma.

Kada kuma ka ce yanayi ba ruwansa. A Logone-Birni da ke arewacin Kamaru a 2021, ruwa ya yi ƙaranci, masunta 'yan Musgum suka haƙa ramuka don tare ruwa da kifi, shanun Larabawan Shuwa suka riƙa faɗawa ciki, faɗa ya tashi, dubban mutane suka tsere zuwa Chadi. A nan hannun yanayi a fili yake. A 2019 ma wasu masana 11 masu ra'ayi daban-daban sun haɗu sun fitar da matsaya a mujallar Nature, suka ƙiyasta cewa yanayi ya taɓa kashi 3 zuwa 20 cikin 100 na haɗarin rikici a ƙarnin da ya wuce, amma talauci da raunin gwamnati da fifita wani ɓangare kan wani da tarihin faɗa na baya-bayan nan sun fi shi nauyi, kuma rabonsa zai ƙaru in zafi ya ci gaba da hawa.

Shawarata kan furojet ɗinka, ka zaɓi garuruwa biyu masu damina iri ɗaya, ɗaya ana rikici ɗaya ana zaman lafiya, inda za ka iya zuwa ba tare da ka jefa kanka cikin haɗari ba. Ka zauna da mai gari da arɗo da manoma da mata masu tallar nono, ka tambaye su in shanu sun shiga gona wa ke kimanta ɓarnar, nawa ake biya, kuma yaushe rabon da a biya ba tare da an kai ga 'yan sanda ba.