Tambaya da Amsa: Shuɗin allo a cikin VirtualBox

Tambaya: Na girka Windows a cikin VirtualBox (manhajar da ke gudanar da kwamfutar kwaikwayo a cikin ainihin kwamfuta), amma tun da na ƙara adadin furosesa (ɓangaren da ke sarrafa ayyukan kwamfuta) daga 1 zuwa 4 yake nuna shuɗin allo mai ɗauke da CLOCK_WATCHDOG_TIMEOUT. Ina mafita?

Amsa: Wannan saƙo yana nufin ɗaya daga cikin furosesocin bai amsa kiran agogon tsarin a kan lokaci ba. Ka fara mayar da adadin zuwa 1. Idan matsalar ta tsaya, to ka tabbatar an kunna I/O APIC (zaɓin da ke rarraba kiran na'urori ga furosesoci) a saitin VirtualBox, domin ba a amfani da furosesa fiye da ɗaya sai da shi. Kada adadin ya wuce na ainihin kwamfutarka, wanda a ganina rabinsa ma ya isa. Idan Hyper-V (manhajar Windows mai aiki irin na VirtualBox) yana kunne a ainihin kwamfutarka, ka kashe shi ka sake gwadawa.