Tambaya da Amsa: Me zan saka a jakar mutumin duniyar Mas?

Tambaya: Malam, mu biyar ne muke wasan nan da ake zama kewaye da tebur, kowa ya ɗauki rawar wani mutum a cikin labari, ana jefa ɗan ludo don a san ko abin da ya nufa ya yiwu. Ni ne mai jan labarin, na kuma kai su duniyar Mas shekara 200 nan gaba. Damuwata kayan da nake ba su: daga bindiga mai haske sai na'urar da ke maganin komai. Abokaina sun fara ƙosawa. Wane irin kaya zan ƙirƙiro?

Amsa: Ɗan'uwa, na ji daɗin wasiƙarka, don ni ma na daɗe ina jan irin wannan labari. Na'urar nan mai maganin komai ita ke kashe maka wasa. Idan babu abin da zai ƙare, babu abin da zai lalace, a kan me abokanka za su yi shawara?

Fara da numfashi. Kusan kashi 95 cikin ɗari na iskar Mas kabon dayoksaid ce, mutum kuwa yana bukatar oksijin wajen giram 840 a yini. Hukumar NASA ta Amurka ta gwada wata na'ura mai suna MOXIE a jikin Perseverance, motar bincike marar direba da aka tura Mas, tana tatso oksijin daga iskar can. Daga 2021 zuwa 2023 giram 122 ta samar gaba ɗaya, bai kai numfashin awa huɗu na mutum guda ba. To ka ba su jikanyar wannan na'ura, wadda ake goyawa a baya, amma ta zama mai cin batir. Duk wanda ya kunna fitila ko rediyo, daga numfashinsa ya rage.

Labarin da nake so ka riƙe shi ne na kumbon Apollo 13, da ya nufi duniyar wata a Afrilun 1970. Tankin oksijin ya fashe, 'yan sama jannati uku suka koma ƙaramin sashen da aka ƙera don mutum biyu. Gurɓatacciyar iskar da suke fitarwa, wato kabon dayoksaid, ta fara taruwa. Matatan iska suna nan a babban sashen, sai dai masu kusurwa huɗu ne, ramin da za a zura su a ƙaramin sashen kuwa zagayayye ne. Injiniyoyi a ƙasa suka zauna da irin tarkacen da ke cikin kumbon, suka haɗa leda da kwali da tiyon rigar 'yan sama jannati da salatef, suka karanta musu matakin haɗawa ta rediyo ɗaya bayan ɗaya. Mutanen suka dawo da ransu. Tun da na san wannan labari, ban ƙara shirya jakar ɗan wasa babu naɗin salatef a ciki ba, kuma nakan faɗi tsawonsa, don a san yana ƙarewa.

Sai ƙura, wadda masu jan labari ke yawan mantawa. A Disamban 1972, a tafiyar Apollo 17, murfin tayar motar duniyar wata ya karye, ƙura ta riƙa zubo musu. Da taswira huɗu da salatef suka ƙera wani. A Mas kuma guguwar ƙura ce ta rufe hasken rana a 2018, motar Opportunity mai aiki da sola ta yi shiru har yau. Saboda haka buroshin goge gilashin kwalkwali da robar toshe gaɓoɓin riga sun fi bindiga amfani a can.

Ruwa ba sai na tsawaita ba. A 2023 tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ta kai ga dawo da kashi 98 na ruwan da mutanenta ke fitarwa, har da gumi da fitsari. Kashi biyun da ke salwanta ya ishe ka gina labari.

Ga yadda na gwada a teburina. Mutum uku, motarsu ta mutu, tafiyar awa tara ce a ƙafa zuwa sansani. Matacin iskar kowa awa shida yake yi, na ajiya kuwa biyu ne kacal. Neman shawara daga duniyarmu ba zai cece su nan take ba, tunda saƙo kan ɗauki minti 3 zuwa 22 kafin ya isa, amsa ma haka. Na ajiye takardar kayansu a tsakiya: tiyo mita biyu, salatef, sifana, da bargon tare sanyi. Teburin ya yi tsit. Can sai wata 'yar wasa ta jawo takardar gabanta, ta ɗora yatsa a kan tiyon, ta tambaye ni ko bakinsa zai shiga rigar mutum biyu.