Na'urar da ke ture hannu: za ta taimaka a aji?

Malam, ka ce ɗalibanka sun haddace lissafin sarrafa inji amma ba su gane me yake nufi ba, kana tambaya ko na'urar da ke mayar wa hannu ƙarfi za ta taimaka. Za ta taimaka ƙwarai, kuma ba sai an kashe maƙudan kuɗi ba.

Wadda na fi sani ita ce Hapkit, daga ɗakin binciken Allison Okamura a Jami'ar Stanford ta Amurka. Mariƙi ne ƙarami mai lilo hagu da dama, ƙaramin injin lantarki yana jan sa da siririyar igiya, maganaɗisu yana nuna kusurwarsa, allon lantarki irin na Arduino, wato 'yar ƙaramar kwamfuta, yana lissafi. Jikinta da firintar 3D ake bugawa.

Ka fara da rubuta wa allon layi ɗaya: F = -kx, inda F shi ne ƙarfin da injin ke mayar wa hannu, x nisan da aka tura mariƙin, k kuma taurinsa. Ɗalibi zai ji kamar sifirin yake dannawa, alhali babu sifirin ko ɗaya a wurin. Sai ka ce ya yi ta ƙara k don mariƙin ya yi tauri kamar bango. Can sai mariƙin ya hau karkarwa yana ɓirrr a tafin hannunsa, har wani ya saki don tsoro. Nan darasin yake. Allon yana karanta matsayi ne lokaci bayan lokaci, kusan sau 1000 a daƙiƙa, kuma wannan ɗan jinkirin yana ƙara wa tsarin kuzari maimakon ya rage. Ka sa jinkiri da gangan, su ga karkarwar ta zo da wuri.

Ka dai taƙaita wutar injin, don yana zafi idan aka daɗe ana danne bangon, igiyar ma takan sulɓe in ba a ɗaure ta sosai ba.