Amsa: Zama a Ƙaramin Gari a Japan

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za ka saba da ƙaramin garin da za ka je karatu. Cikin kwana 14 da samun gida, ka kai katin zamanka ofishin hukumar garin a rubuta adireshinka, ka shiga inshorar lafiya. Ita ke biyan kashi 70 na kuɗin asibiti.

Abin da ya fi haɗa baƙo da maƙwabta kuwa shara ce. Mai ƙonuwa, kwalabe, gwangwani, kowanne da ranar da ake kwashe shi. Karɓi jadawalin ka liƙa a ƙofa, wallahi zai raba ka da jin kunya. Kada ka raina gaisuwar safe, tsofaffin unguwa na lura.

A ƙaramin gari, naman halal galibi sai ta intanet. Ka kula da mirin, giya ce da suke zubawa a girki.